Tabarmar Haske a Bakin Tanderu

Na manta abubuwa da yawa a aikin nan, har da sunayen wasu da muka ci tuwo a kwano ɗaya, amma ban taɓa mantawa da ranar da Baba Mamman ya rataye awartakinsa a ƙusa ya fita daga shagonmu da rana tsaka ba. Wata Litinin ce cikin watan Yuni na 1998. Ku da kuke zaune yau gaban allo kuna danna lamba, tanderu na yi muku ƙara idan ƙarfe ya nuna, ku matso ku ji. Kai ma Basiru, ajiye wayar nan, ba guduwa za ta yi ba.

Lokacin ina aiki a wani kamfani a Gusau, can wajen layin dogo. Ba sai na faɗi sunansa ba, ya daɗe da rufewa. Abin da ya fi riƙe mu shi ne bakin garmar shanu, wato ƙarfen nan da ke tsaga ƙasa idan ana huɗa, sai kuma 'yan kayan gyara na injinan gurzar auduga da na matsar gyaɗa. Shagon dogo ne, rufinsa na kwano, mai tsawo ƙwarai. Injinan yanka da na fiƙe ƙarfe suna ɓangaren arewa, tanderu kuwa yana can ƙuryar kudu. Shugaban sashenmu shi ne Injiniya Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, mai faɗa amma ba ya riƙo. Baba Mamman ne babban ofareta na tanderu. Ni Lawali ina ƙarƙashinsa, ofareta mai daraja ta biyu, shekarata ta shida a wurin, da mata da 'ya'ya biyu a Damba.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. Bakin garma idan ya fito daga hannun masu yanka, ƙarfe ne mai taushi, ƙasa za ta cinye shi kafin a gama gona biyu. Sai an kawo mana mun gasa shi a babban tanderu mai aiki da man gas, idan ya kai zafin da ake so a fizgo shi da awartaki a tsoma cikin tankin mai. Wannan shi muke kira ba shi ruwa, ko da yake mai ne. A nan yake yin tauri, amma tauri ne mai fushi, ko faɗuwa ya yi sai ya fashe. Don haka akan mayar da shi ƙaramin tanderun lantarki ya yi awa biyu a zafi kaɗan. Baba yana kiran wannan lallashi. Duk sirrin aikin yana wurin fizgowar nan. In ka yi gaggawa, ba zai yi tauri ba. In ka yi jinkiri, cikinsa ya ƙone, kuma babu lallashin da zai gyara shi. A ido za ka gan shi lafiya lau, magagari ma ya zame a kansa kamar na ƙwarai, sai ranar da ya haɗu da saiwa ko dutse a gona.

Babban tanderun yana da agogon zafi, amma sandarsa da ke shiga cikin wuta ta ƙone tun kafin a ba mu jiha. An rubuta Legas, an sake rubutawa, shiru kake ji. Saboda haka idon Baba Mamman ne agogonmu. Shi ba ɗan maƙera ba ne, ɗan masunta ne daga Bungudu, a nan shagon ya koyi aikin, kuma ya yi shekara talatin da 'yan kai yana kallon wuta a wannan ƙurya mai duhu. Yakan tsaya gefen ƙofar tanderu, hannu ɗaya a bayansa, ya karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa. Ƙarfe yakan fara da baƙi, sai ya soma ja can ƙasa-ƙasa, wanda Baba ke kira jan hanta. Daga nan jan ya buɗe, ya yi kyau, ya zama jan nunannen gauta. Idan an bar shi sai ya wuce zuwa ruwan goro, ya kai ruwan ɗorawa.

"Gauta muke nema, Lawali," haka yake ce mini kusan kullum. "In ka ga goro, ka makara."

Ina son wannan lokacin fiye da komai a aikin. Tanderu na gurnani a hankali, ƙurya duhu, ƙarfe talatin a jere suna canza launi tare, fuskar Baba ta yi ja. Nakan manta da kaina, in manta ko na karya kumallo, har sai ya ce, "Ɗauko!" Sai in zabura in kai awartaki.

Amma duhun shagon ya dame ni. Wutar lantarki a shekarun nan ba a cewa komai, in ta ɗauke sai masu injina su koma aiki da laluben ma'auni. Wata rana na ga wani rufi a gidan mai, kwano ne amma na roba, rana na ratsa shi. Na zauna da hannuna na rubuta takardar neman guda huɗu. Injiniya ya karanta ya ce, "Lawali, ashe kana da kai." Ya sa hannu. Na yi kwana uku ina tafiya kamar ni na gina Gusau. Ana saura 'yan kwanaki a fara azumi kafinta ya hau ya cire kwano huɗu daga tsakiyar rufi ya sa na roba. Haske ya sauko ya zuba a kan injinan arewa, daidai inda ake so, kowa ya sa mini albarka. Baba ya ɗaga kai ya duba, ya ga ƙuryarsa na nan yadda take, ya ce, "Allah ya sa alheri," ya ci gaba da aikinsa.

Hasken nan idan rana ta take yakan kwanta a daɓe, mai kusurwa huɗu, kamar an shimfiɗa tabarma. Haka muka riƙa kiransa, tabarmar Lawali. Hayaƙin mai yakan bi ta cikinsa yana murɗawa a hankali, shuɗi-shuɗi, ni kuwa in saki baki ina kallo. Bayan Ƙaramar Sallah a kanta nake cin abincin rana. A nan na lura ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ba tafiyar safe zuwa yamma nake nufi ba, wannan kowa ya sani. Kowane mako, idan aka kira azahar, sai in ga ta ɗan matso kudu. Sai na sami abin wasa. Duk ranar Alhamis na ɗauki alli na ja layi a bakinta. Layi bayan layi suka jeru a daɓe, suna tafiya wajen tanderu, ni kuma ina ta lissafi a raina yaushe za ta kai tankin mai. Ku ji fa! Da hannuna nake rubuta shaidar laifina kowane mako, ina murmushi.

Bayan Babbar Sallah aka kawo mana babban aiki na bakin garma saboda damina. Lokacin tabarmar ta haye tankin mai, ta kwanta a bakin tanderu. Ba rana ɗaya ta iso ba, shi ya sa babu wanda ya ce uffan. Na ga Baba ya fara ƙanƙance ido, yana daɗewa kafin ya ce a ɗauko. Na ga ɓawon da ke zuba daga jikin ƙarfe ya ƙaru. Na gani, amma ban gane ba. A cikin watan ne idonsa ya riƙa hawaye, ya je asibiti, likita ya ce masa yanar ido ce ta fara fitowa a idon hagu, kaɗan ce, ba ta gaggawa ba. Ni kaɗai ya gaya wa. Muka gama aikin, magagari ya zame a kan kowane ɗaya, aka loda aka rarraba ƙauyuka.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka shiga huɗa. Ranar Litinin ɗin da na faɗa muku, wani manomi daga Kekun Waje, Malam Garba, ya shigo da buhu a kafaɗa. Bai yi hayaniya ba. Ya yi sallama, ya zazzage buhun gaban Injiniya, gutsattsarin bakin garma suka watse a daɓe.

"Nawa ne da na maƙwabtana," ya ce. "Shekara tara ina aiki da naku, ban taɓa ganin wanga abu ba. Ƙasa ta jiƙa, shanu na tsaye, ni ina tsaye. Mi munka yi muku?"

Kafin azahar saƙo irin wannan ya zo daga Kucheri. Injiniya ya kira Baba. Baba ya durƙusa ya ɗauki guntu ɗaya ya dubi inda ya karye. Ƙarfen da aka gasa daidai, idan ya karye cikinsa sumul yake, launin toka. Wannan kuwa tsaki-tsaki ne yana ƙyalli kamar gishiri.

"Ya ƙone," in ji Baba. "Ni na ƙone shi."

"Kai, Baba? Yaya aka yi?"

Sai ya faɗi maganar likita, bai ɓoye komai ba. Daga baya Injiniya ya ce, cikin ladabi, Baba ya je gida ya huta, ƙarshen wata za a aika takardar ritayarsa babban ofis a Kaduna, Lawali ya riƙe tanderu. Baba bai roƙi kowa ba. Ya juya wajen Malam Garba ya ce ya yafe masa, ya je ya rataye awartakinsa, ya ɗauki hularsa. Ina kallonsa ya ratsa ta cikin tabarmar hasken nan, farin gashinsa ya haska, ya fita. Na ji tausayinsa, wallahi na ji. Amma zan gaya muku gaskiya, tunda tsufa ya zo kunya ta ragu: a ƙarƙashin tausayin akwai murna. Babban ofareta! Da yamma a kan kekena zuwa Damba har waƙa na yi.

Na gasa rukunina na farko cikin makon. Na tsaya inda Baba ke tsayawa, na jira sai da na ga gauta sosai, na ba su ruwa, na lallashe su. Da aka tashi cin abinci na ɗauki uku na ɗaure a bakin tebur na buga musu guduma, abin da ba mu saba yi ba. Biyu suka tsinke, cikinsu gishiri. Ni da ba ni da yana a ido! Na tura gutsattsarin ƙarƙashin tarkace, na ce wa Injiniya ina so in ƙara duba kayan kafin a fitar. A raina na ɗora wa ƙarfen laifi, na ce ba mai kyau aka sayo mana ba. Na yi ta jan ƙafa har mako biyu.

Ana cikin haka Injiniya ya aike ni Kucheri da motar kamfani in kwaso karyayyun in ba mutane haƙuri. Hanyar ranar ba zan manta da ita ba. An yi ruwa da asuba, duwatsun Kwatarkwashi sun wanku suna sheƙi, gajimare na rataye a kafaɗarsu. Gero ya kai idon sawu, kore ko'ina, shanun Fulani farare suna ratsawa ta bakin gonaki kamar ba sa taka ƙasa. Na jingina kai da taga ina kallo, rabin barci rabin ido biyu, har muka wuce Tsafe ban sani ba.

A Kucheri aka ce mini karyayyun duk suna wurin Audu Maƙeri, shi ke ƙera wa mutane wasu daga tsohon sifirin mota, ƙarfen nan mai lanƙwasa na ƙarƙashinta, don kada huɗa ta wuce su. Maƙerarsa 'yar bukka ce gajera, an saki asabari a ƙofa. Na yi sallama na sunkuya na shiga. Duhu, ba na ganin komai sai garwashi da fatar zuga-zugi na numfashi. Da yake ni ne sarkin son haske, sai na miƙa hannu na naɗe asabarin.

"Kai! Saki wanga asabari!" Audu ya daka mini tsawa. "So kake in ƙone ƙarfen mutane?"

Na saki da sauri. Na ce ya yi haƙuri, na ga duhu ne.

"Duhun shi ne idona," ya ce. Da ya ji daga kamfani nake, sai ya yi dariya har da buga cinya. "Ku ne masu garmar gishiri? To zo in gwada maka abin da ba a koya muku ba."

Ya zaro wani guntun ƙarfe daga wuta, ja zur, gauta sak, ya miƙo mini awartakin. Ya ce in kai shi ƙofa. Na ɗage asabari na fitar da hannuna cikin rana. Jama'a, jan nan ya ɓace. Ƙarfen ya koma toka-toka, da ƙyar ake ganin ɗan ja, ko hanta bai kai ba. Na dawo da shi ciki, ga gautana nan. Na sake fitarwa, na sake dawowa, kamar wawa.

"Rana tana shanye ja," in ji Audu. "In kana aiki cikinta, za ka yi ta jiran gauta, lokacin da ka gan shi ƙarfe ya daɗe da wucewa. Ubana ko a kasuwa za ya yi ƙira, sai ya kafa zana tukuna. Ka taɓa ganin maƙera a fili?"

Layukan allin nan nake gani, ɗaya bayan ɗaya, suna tafiya zuwa ƙafar Baba Mamman. Garin neman gira an rasa ido, kuma ba nawa idon aka rasa ba.

A hanyar komawa ban ga dutse ba, ban ga gero ba. Ga abin da Shaiɗan ya riƙa karanta mini. Babu wanda ya sani sai kai. Ka riƙa kunna tanderu da sassafe kafin rana ta hau, ko ka ce kwanon na yoyo a mayar da na da. Garma za ta yi kyau, a ce Lawali ya fi ubangidansa. Baba ya tsufa, ko yau ko gobe zai tafi. In kuwa ka buɗe baki, ka rasa kujera, kuma kowa ya san kai ne ka karya garmar ƙauyuka. Saura kwana shida takardar ta tafi Kaduna. Na kwana biyu da wannan magana a ciki, matata na tambaya ko zazzaɓi ne.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Bungudu. Na gaya wa kaina gaisuwa kawai zan yi. A gida matarsa, Inna, ta ce yana bakin gulbi, kullum can yake wuni, in ya dawo kuma sai ya tara jikoki ya zauna yana kallonsu har su tsargu. Na same shi a kan wani dutse ƙarƙashin bishiyar faru. Gulbi ya kawo ruwa, ja, yana tafiya ba hayaniya. Balbelu sun jeru a ɗaya gaɓar. Muka gaisa na zauna. Bai tambaye ni aiki ba. Ya daɗe yana kallon wani kwalekwale da ake turawa can nesa, sannan ya koma kan wani ganye da ruwa ke juyawa, ya bi shi da ido har ya ɓace.

"Baba, me kake kallo haka?"

"Tarawa nake," ya ce. "Tunda idon za ya tafi, gara in ɗebi abin da zan ɗiba. Jiya na gama da gulbi daga nan zuwa waccan kuka. Jikokina bakwai, na haddace fuskar biyar. 'Yar autar ce ke ba ni wahala, ba ta zama wuri ɗaya." Ya yi ɗan murmushi. "Makantar ba ta dame ni kamar garmar mutane ba, Lawali. Shekara talatin ba a taɓa maido mini da aiki ba. Yanzu in anka ambaci sunana a Kekun Waje, da karyayyen ƙarfe za a tuna."

A nan na kasa. Kuka ya zo mini, ni ƙato da 'ya'ya biyu. Na gaya masa komai, da kwanon, da allin, da bukkar Audu, da gutsattsarin da na ɓoye, har da waƙar da na yi a kan keke. Ya saurara bai katse ni ba.

"Kada ka yi mini ƙarya don tausayi," ya ce a ƙarshe.

"Wallahi Baba idonka lafiya lau. Ni na shanye maka ja."

"To, sai na gani."

Ranar Litinin tun da safe na shiga ofishin Injiniya na ajiye gutsattsarin nawa a kan teburinsa na faɗi abin da na faɗa wa Baba. Ya tashi tsaye, ya zauna, ya kira ni da sunaye biyu uku da na cancanta. Sannan ya ce, "Magana ba hujja ba ce. Za mu gwada." Ya aika aka ciro mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, daga wata tsohuwar lasifika aka ɗaure shi a bakin sanda. Ya yi mana bayani cewa ƙarfe idan ya kai zafin ba shi ruwa, mayen ƙarfe ba ya kama shi, kafin nan kuwa yana kamawa. Aka hau rufi aka lulluɓe kwanon roba da tamfol, aka ɗaura masa igiya, mutum biyu suka tsaya a waje suna jiran umarni.

Baba ya iso wajen sha ɗaya da rabi cikin fararen kaya, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Shago ya koma duhunsa na da. Duk masu injina suka kashe suka taru. Ya tsaya a wurinsa, hannu ɗaya a baya, ya karkata kai. Na sa ƙarfe a wuta. Da ya fara ja Injiniya ya ce in fito da shi ya gwada. Baba ya ce, "Hanta ne, bai yi ba." Mayen ya kama shi caraf. Na mayar. Bayan ɗan lokaci Injiniya ya sake cewa a gwada. "Saura ƙiris," in ji Baba. Mayen ya kama, amma da sanyin jiki. Na mayar. Tanderu na gurnani, jan na buɗewa a hankali, fuskar tsohon nan ta yi ja kamar yadda na saba ganinta.

"Ɗauko!"

Na fizgo. Injiniya ya kai sandar, mayen ya zame kamar an ɗora shi a kan katako. Sau biyar aka yi, sau biyar haka.

Sai Injiniya ya ce a janye tamfol. Tabarmar haske ta faɗo a bakin tanderu. Na sa wani ƙarfen. Baba ya ƙanƙance ido, ya jira, ya jira, mu ma duk muna kallo, ba mu ga ja na kirki ba. Da ya ce "Ɗauko," ina fizgowa Injiniya ya yi ihu a mayar da tamfol. Duhu ya rufe. Ƙarfen da ke bakin awartakina, wanda dukanmu muka gani gauta yanzun nan, ga shi ruwan goro, gefensa har ya fara ɗorawa. Wani daga baya ya ce, "La ilaha illallahu."

Baba ya nemi wani gwangwanin mai ya zauna. Ya rufe fuska da tafin hannu biyu. Injiniya ya je ofis ya dawo da takardar ritayar, ya buɗe ƙofar tanderu ya jefa ta.

"Baba, ka yafe mana," ya ce. "Lawali ya rubuta, amma ni na sa hannu, ni da na karanta wannan a makaranta."

Ranar aka mayar da ni daraja ta biyu, da takardar gargaɗi a fayil ɗina saboda ɓoye gutsattsari, kuma ban ce a yi mini sauƙi ba. Ni na hau rufi da kafinta muka mayar da kwanon roba can ƙarshen arewa, inda ko rana ta yi yawon duniya ba za ta kai tanderu ba. Muka yi mako guda muna gasa sababbi. Baba da kansa ya shiga mota ya kai wa Malam Garba nasa a Kekun Waje. Huɗar farko ta riga ta wuce wasu, wannan ba mu iya maido musu ba, kuma har yau yana cina.

Da na ɗauko tsumma zan goge layukan allin, Baba ya ce in bar su, duk wanda ya zo koyon aiki a fara nuna masa su kafin a nuna masa wuta. Na tambaye shi ko har yanzu yana fushi da ni. Ya rataya awartaki a kafaɗa ya ce, "Ka ci amanata kwana biyu, ka maido ta ran na uku, Allah ya gani. Kuma ka yi mini wani abu. Shekara sittin ina zaune bakin gulbin nan ban taɓa kallonsa ba. 'Yar autar ma, ashe tana da ɗan tabo ƙarƙashin haɓa." Ya yi shekara huɗu a kan tanderun bayan haka, ba a maido masa da ko guda ba.

To, abin da na koya ke nan. Ƙarfe ba ya ƙarya, amma sai ka san a wane haske kake tambayarsa. Gyara kuma, komai kyansa, a tambayi na ƙurya kafin a yi shi, kuma a dawo bayan wata shida a ga inda ya kai. Mutanen sana'ar nan irin Baba, idan aiki ya ɓaci kansu suke fara tuhuma, shi ya sa yake da sauƙi a zalunce su ba tare da sun ce komai ba. Kuna ce mini na cika jinkiri idan aka kawo ƙarar ma'aikaci, Basiru har ya sa mini suna Sai-an-duba. Ku faɗa, na yarda. Tun daga ranar, ban ƙara cewa idon wani ya mutu ba sai na fara ɗaga kai na dubi rufi.